Hannun Sabapathi

Farantin jan ƙarfe na huɗu ke nan Thirumalai ya jefa cikin tarkace. Alwatika tara ake sarƙawa a zanen yantra da ake yi a kan farantin, huɗu na kallon sama, biyar na kallon ƙasa, su kewaye ɗigo ɗaya da mai ibada zai kafa wa ido har zuciyarsa ta natsu. Dole layukan su haɗu cif. Nasa kullum sai sun bar tazara kamar ƙwayar shinkafa.

Duk garin Kumbakonam an san aikin mahaifinsa, Sabapathi. Shekara arba'in haikalai na layi a ƙofarsa. Mutum ne mai rowar sana'a. Da hantsi yakan kulle ɗakin aiki, ba mai shiga sai ƙanwarsa Valliammai, wadda mijinta ya mutu tun tana amarya, don ta kai masa kofi. Ɗansa kuwa goge faranti kawai ya koya masa, da iya magana da baƙi.

Kwana goma sha shida da rasuwar tsohon, Thirumalai ya ce wa gwaggon tasa farin zanen takabar da take ɗaurawa tun mutuwar mijinta yana korar alheri daga shago. Ya sa ta a motar Swamimalai da ƙunshin kaya ɗaya, wai ta zauna gun wasu dangi na nesa.

Faranti na biyar ya kai wa babban mai hidimar haikali. Mutumin ya ɗaga shi a rana, ya juya, sannan ya miƙa masa a gaban jama'a.

"Kai wa mai soya wainar shinkafa, ɗan Sabapathi. Can zai yi amfani."

Ya ce ai sun riga sun samu daga wani ɗan shago a Swamimalai, har ya fito da shi ya nuna masa. Aikin mahaifinsa ne sak, ba ragi.

Nan take ya gane. Wata uku yana birkice gida yana neman littafin awon tsohon bai gani ba. Ashe tsohuwa ce ta ɗauke, ta sayar wa bare.

Ya same ta a barandar gidan dangin, ta rame, tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya kira ta ɓarauniya, ya tuna mata shekarun da ta yi tana cin abincin gidansu a banza, ya ce ta fito da littafin ko ya kira 'yan sanda. Maƙwabta suka firfito.

Sai da ya gama ta ɗago kai.

"Wane littafi, ɗana? Hannun babanka rawa yake tun kafin a haife ka. Shekara arba'in ni nake zanawa, shi yana buga sunansa a baya."