Kafin Asibi Ta Iso da Itace

Kaltume ta sake bubbuga kafaɗar ɗan acaɓa. "Kai yaro, bi ramukan nan a hankali! Ba buhun masara ka ɗauko ba."

Daga Kiru ta fito, Kwanar Dangora ta nufa, kuma ko karyawa ba ta yi ba. Tun da aka aiko cewa Asibi na tafe ranar Juma'a, zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta manta abin da ya kai ta madafi.

Khairiyya, 'yarta ta fari, ta zo gida goyon ciki daga Doguwa. Asibi kuwa uwar mijin yarinyar ce, ita za ta kawo itacen wankan jego da kanta. Tsohuwar ungozoma ce mai ido kamar na shaho. Wuyan mace kawai take kallo ta faɗi watan cikinta. Ga baki. Abin da ta gani da hantsi, kafin azahar ana hirarsa a Tudun Wada.

To cikin nan ya zo da ɓarnar fata. Baƙi ya shimfiɗu a kumatu da goshi, wuya ya koma gindin tukunya, wani layi ya miƙe daga cibiya ya yi ƙasa, ga ƙaiƙayi ba dare ba rana. Kaltume ta rantse Asibi ba za ta ga fuskar nan a haka ba. In ta gani, har jikoki sai sun ji labari.

An gwada dilka. An gwada kurkum da madara. An goga lemon tsami, ya bar raɗaɗi, baƙi na nan daram.

A Kwanar Dangora ta kutsa tsakanin manyan motoci ta faɗa wani kemis. Ta gyara niƙabinta, wanda ta soma sawa tun bayan Sallah har matan unguwa ke cewa ustazanci ya kama ta da girma. Ta rage murya.

"Wata ce mai ciki a gidana, fuska duk ta yi baƙi. Man nan mai wanke fata nake so, mai saurin aiki."

Mai kemis ya girgiza kai. "Hajiya, mai ciki ba ta shafa bilicin. Ki ce wa 'yar taki aikin ciki ne. Ta guji rana, ta riƙa shafa man kaɗanya saboda ƙaiƙayi da nankarwa. Yawanci in an haihu yana washewa."

"In an haihu! Ni Juma'a nake magana."

Ta fito tana tsaki. Wata Bafulatana ta tare ta da ƙwaryar man shanu, ta buɗe faifai, ƙamshin ya bugi Kaltume, sai ga ta dafe da bango tana salati. Ta dai sayi man kaɗanya da tsamiya ƙulli biyu. Ƙulli ɗaya bai ga gida ba.

Ta tarar da Khairiyya miƙe a tabarma tana cin gyaɗa.

"Inna, ki bar wahalar da kanki. Ai ba ciwo ba ne."

"Ke, rufe min baki. Kin san uwar mijin naki kuwa?"

Khairiyya ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ƙugu. A zaure kuma maigidan, Malam Shitu, yana ta fito da baki kamar saurayi. Kwanakin nan haka kawai yake murmushi, har ya sa an rage masa furfurar gemu. Kaltume ta wurga wa ƙofar zauren harara.

Ranar Alhamis ta yi dabarar mayar da baƙuwa. Ta aika cewa hanya ta lalace. Asibi ta aiko cewa ai da ƙafa ma tana zuwa. Ta aika cewa akwai itace a gida. Asibi ta ce na dangin miji daban ne.

Juma'a da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, shaƙe da itace daga wajen Falgore. Kaltume ta gudu madafi ta shige cikin hayaƙi, niƙabi a ɗaure. Tana jin Asibi ta wuce ɗaki kai tsaye.

Asibi ta kama haɓar Khairiyya, ta juya ta hagu, ta juya ta dama, ta leƙa wuya. "Masha Allah. Sumul, kamar ba mai ciki ba. Ina uwar amarya? Ta zo in yi mata godiya."

Kaltume ta shigo da kwanon tuwo, ta dire, ta juya da sauri. Asibi ta cafke gefen mayafinta.

"Zauna mu sa hannu tare. Babu namiji a ɗakin nan. Ko ta ƙarƙashin ƙyalle ake cin tuwo a Kiru?"

Ba hanyar gudu. Khairiyya ta cusa kai cikin matashi, kafaɗunta na rawa. Kaltume ta kai hannu ƙeya, ta kwance igiyar.

Asibi ta dubi kumatun. Ta dubi goshin. Ta sauke ido kan wuyan, ta daɗe a nan. Sannan ta ajiye lomar da ta ɗauka, ta leƙa tsakar gida ta kwaɗa wa direba kira:

"Ɗanliti! In ka sauke, juya ka ƙaro wani lodin. Tukunya biyu za mu ɗora a gidan nan, kuma uwar ce za ta riga 'yar haihuwa!"