Inda Mage Ke Kwanciya

Injiniya, zauna ka ji. Ka ce faifan solar nan naku mai laushi kamar leda yana shan rana amma wutarsa kaɗan ce, wai maganinsa a ƙara masa faɗi. Haba! Ka binciki inda wutar ke zubewa ta koma zafi tun ba ta fito ba? To bari in ba ka misali.

Akwai wani tsoho mai lambu a hayin kogi, shi kaɗai sai magensa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure can Kudu. Ita ta aiko masa da salula da ɗan faifan sola, don ya riƙa jin muryarta. Ya ɗora faifan kan rumbu, ya ja wuta zuwa bukkarsa da guntayen waya da ya tsinto a kasuwa, yana murɗe wannan da wancan da hannu, yana ɗaurewa da tsumma kamar mai ɗaurin karaya. Rana ta yini tana dukan faifan, amma da 'yar ta kira, daga "Baba, ina wuni" sai salula ta mutu. Ya zauna da ita a hannu yana kallon ruwa, kewa kamar ta kashe shi. Sai ya ce faifan ne ya yi kaɗan. Ya sayar da tunkiya ya ƙaro na biyu, ya sake sayar da wata ya ƙaro na uku, duk kanwar ja ce. Ita kuwa mage kullum tana kwance kan wani ƙulli na wayar a bakin ƙofa, har yana tsokanarta da cewa ta sami gadon gado.

Da damina ta yi ƙarfi kogi ya cika, hanya ta yanke, salula ta daina tashi gaba ɗaya. Sai da ruwa ya janye surukinsa ya ƙetaro, da ganin fuskarsa ba sai an faɗa ba. 'Yar ta kwanta ciwo, ta yi ta kiran ubanta ba ya shiga, har Allah ya karɓi abinsa. Da surukin zai tafi ya kori magen daga bakin ƙofa, ya taɓa ƙullin, sai ya janye hannu don zafi. Ashe nan wutar ke ƙarewa. Tumakin bawan Allah mage suka yi ta ɗumamawa! Ya yanke ƙullin ya haɗa da kyau, ko ruwan alwala bai gama bushewa a hannun tsohon ba an gama. Yau salular nan cike take fal, safe da yamma, tsohon yana ajiye da ita kusa da tabarmarsa, ba mai kira.

Saboda haka, Injiniya, kafin ka ƙara faɗi je ka nemo inda magenka ke kwanciya. Hausawa sun riga sun faɗa: rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami.