Kwandon Hajiya Ihsan

Kwandon Hajiya Ihsan ya sauko da igiya daga hawa na uku, ya tsaya a ƙofar shagona. Na ɗauke kai.

Tun da Hajiya Ihsan ta yanki katin sayayya na babban kantin sarin nan ta daina ciniki da ni. Tsohuwa ita kaɗai a gida, amma buhu-buhu ake kawo mata.

"Shahata," ta kira ni daga baranda, muryarta na rawa. "Sako mini shinkafa."

"Shinkafa, Hajiya? Buhun da aka hau miki da shi ɗazu fa? Ɓeraye sun cinye?"

"Sako mini dai, ɗana. Da kwalin taba."

Na tuntsire da dariya. Matar da ko hayaƙin turare ke sa ta tari! Na zuba, na girgiza igiyar.

Kwandon da ta saba ja da ƙyar tana hutawa, sai ga shi ya yi sama kamar an fizge shi.

Na waiga. Motar kantin da ta kawo mata buhun tana nan inda ta tsaya tun safe, ba kowa a ciki, ban kuma ga saukowar direban ba.

Na ɗaga kai. Hannun da ke rufe ƙofar barandar sanye yake da agogon maza.