Takalman Fotu

Na waiwaya a ƙarƙashin ruwa, babu Fotu.

Ɗan goggona ne, ya zo mini hutu daga ƙasarmu Tonga. Ni na tsaya masa ya samu biza, ni na kafa mana tanti a bakin teku kusa da garin Exmouth, ni na koya masa nutso. Tun ranar farko na gaya masa ƙa'idarmu: ba ka barin abokin nutsonka, kome ya faru.

Shi ya sa ban fito ba. Na yi ta laluben duwatsu har iskar tukunyar numfashin da na goya ta ƙare. Na taso a guje, hancina na zubar da jini, kunnena na hagu ya toshe. Har yau bai buɗe ba.

Jiragen ceto suka wuni suna nema. Da yamma na zauna a tanti ina kallon takalmansa, na kira mahaifiyarsa.

"Goggo Melenaite, sai haƙuri. Fotu..."

"Kai Lopeti, kuka kake yi, ƙato da kai?" Ta kwashe da dariya. "Ai yanzu muka gama waya da shi. Abokinsa ya ɗauke shi can gaba a bakin teku, har sun kusa gonar ayabar da zai yi aiki a ɓoye. Gobe bizarsa za ta ƙare. So kake ya dawo mini zaman banza?"

Ta ci gaba:

"Ni na hana a gaya maka, don 'yan sanda su ga kukan gaske. Af, ya ce ka aika masa da takalmansa."