Gurbin Angon Iya

Tun da aka kafa dokar gurbi, garinmu bai ƙara mutum ko ɗaya ba. Famfon unguwa yana ba kowa rabonsa na ruwa in ya ɗora babban yatsa. Jariri kuwa ba shi da rabo sai wani ya bar masa nasa.

Ranar sunan ɗana mata suka cika gida, kowacce da kofin ruwa daga rabonta, yadda a da ake kawo sabulu da atamfa. Mahaifiyata, Iya Tabawa, ta karɓi yaron tana masa wasan jika.

"Ku ga angon nawa! Ko hula babu, da me zai riƙe ni?"

Da la'asar na ɗauki jarka na raka ta famfo. Ta ɗora yatsa. Ko ɗigo bai sauko ba.

"Af, na manta," in ji ta, tana dariya.

"Iya, me kika yi?"

"Jiya na ba angona gurbina."

"Ke kuma ki sha me? Ai da mun lallaɓa da nawa."

"Naka na wankan mai jego ne, Ɗanlami. Ni yanzu ina da miji, shi zai shayar da ni."

Da muka dawo ta buɗe ɗan hannun yaron, ta sumbaci babban yatsansa. Sai lokacin na lura leɓɓanta sun bushe.

"Gobe tare za mu famfo, maigida," ta raɗa masa. "Kada ka yi mini rowa."