Mai Gadin Ƙofar Gaba

"An riga an kama ɗakin," mai gadi ya ce wa saurayin da ya zo neman haya, ko ɗago kai bai yi ba.

Ƙarya ce. Yanzun nan abokiyar aikin saurayin, farar fata, ta fito daga benen, har makulli aka ba ta. Aikin ƙungiyarsu ke nan a birnin Salvador: fari ya nemi haya, baƙi ya nema, a naɗi amsoshin a kai kotu. Doka ɗaya ce: banda gardama, ka yi godiya ka wuce.

Amma mai gadin nan ya fi shi baƙi.

"Tsoho, ba ka jin kunya? Kare ma ya san danginsa," in ji saurayin.

"Kai ɗan gidan uban waye? Tun kana zanin goyo nake buɗe wa mutane ƙofar nan, ni kuwa ta baya nake shiga. Don ka sa kwat sai ka riga ni? Ɓace!"

A ofis lauyarsu ta saurari abin da aka naɗa, ta ce shari'a ta lalace. Ko tarin mai bene babu a ciki, sai baƙaƙe biyu suna zagin juna a bakin ƙofarsa.