Mayafin Iya a Kujerar Gaba

Yanzu ai ba a zuwa ganin mota. A waya ake nuna maka ita, da iyalinka zaune ciki, yadda za ku kasance ranar kawo ta.

Hasiya ce ta tsara abin, ta ba kakarta Iya Tasalla ta gwada. Iya ta dangwala yatsa, ƙofa ta buɗe. Ga kowa, ban da ita. Surukarta, uwar Hasiya, ce a gaba, yafe da mayafin Iya na Makka.

"Ni ina nake?"

"Na'urar ce ke lissafawa, Iya. Motar sai baɗi za a kawo ta."

"Ita ke raba wa mutane kwanan duniya yanzu? Sa ni."

Hasiya ta sa ta, hoton ya goge. Ta sake, ya goge.

Iya ta ja tsaki. "To cire wa uwarki mayafina. Ko na mutu, ba ita zan bar wa ba."